Sirrin Ɗakin Inna Da Takardar Asibitin Landan

Na daɗe ina juya wannan magana a zuciyata, in rubuta ko in bar wa cikina, domin akwai wani ɓangare nata da ba ya yi mini daɗin faɗa. To amma an ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na san cikin masu karanta wannan fili akwai waɗanda 'ya'yansu ke shirin bin miji zuwa ƙasar waje, akwai kuma waɗanda a daidai wannan lokaci suna da mai tari a gida, an kwana biyu ana dafa masa citta da kanumfari ana cewa sanyi ne.

Babbar 'yata, wadda muke kira Ummi saboda sunan mahaifiyar maigida ta ci, an ɗaura mata aure a ƙarshen 2022. Mijin nata yaron kirki ne, ɗan nan cikin garin Kano, yana karatun digiri na uku a Landan. Ba ta samu tarewa ba sai a watan Satumba na 2023, bayan doguwar wahalar takardu. Cikin abubuwan da aka nema kafin a ba ta biza har da gwajin tarin fuka, domin dokar Ingila ce, duk wanda zai tashi daga Najeriya ya je ya zauna can fiye da wata shida sai an ɗauki hoton ƙirjinsa a asibitin da su suka amince da shi. Ƙanin babanta ya raka ta Abuja, aka yi hoto, ya fita fes, aka ba ta takardar shaida. Muka yi hamdala muka koma kan abin da muka ɗauka shi ne muhimmi, wato kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji da turaren wuta, da yadda za a cusa su a akwati ba tare da nauyi ya wuce ƙa'ida ba.

Wata huɗu bayan nan, a cikin Janairun 2024, ina zaune bayan sallar isha'i ina gyaran wake, sai ga kiranta. Tun daga sallamar na san ba lafiya ba.

"Umma, sun ce ina da tarin fuka."

Ban san lokacin da tiren da ke cinyata ya zame ba. Na ce, "Wane irin tarin fuka kuma? Kina tari ne?" Ta ce ko ɗaya. Zazzaɓi fa? Babu. Gumin dare, rama, rashin cin abinci? Ta ce ita ƙiba ma ta yi, har zobenta ya matse mata yatsa. Na ce to ba an yi miki hoto a Abuja an ce lafiya lau ba? Cikin kuka ta ce ita ma abin da ta faɗa musu ke nan, suka ce wannan daban, wancan daban.

Abin da ya faru shi ne, da ta yi rajista wurin likitan unguwarsu kamar yadda kowa ke yi a can, sai aka aiko mata da takarda ana gayyatarta gwajin jini kyauta. Tun 2015 suke da wannan tsari a garuruwan da cutar ta fi yawa. Duk wanda ke tsakanin shekara 16 zuwa 35, wanda bai wuce shekara biyar da shiga ƙasar ba, kuma ya fito daga ƙasashen Afirka na kudu da Sahara ko wata ƙasar da tarin fuka ya yi yawa, irin su Indiya da Pakistan, ana kiransa a ɗebi jininsa. Ita ta ɗauka wani cike-ciken takarda ne kawai, ta je ta miƙa hannu ta dawo gida ta manta. Sai ga waya, wai ta zo asibiti sashen masu ciwon ƙirji.

Ba zan ɓoye miki ba 'yar uwa, abin da ya fara zuwa mini fushi ne. Na ce wato don sun ga baƙar fata shi ne za su laƙaba wa yarinya cutar da ba ta da ita? Me ya sa ba sa kiran 'ya'yansu su ɗebi jininsu? Kwana na yi ina wannan mita. Sai daga baya da mijinta ya turo mini takardun da aka ba su, na sa tabarau na zauna na karanta su ɗaya bayan ɗaya (shekara talatin na yi ina koyarwa a makarantar 'yan mata, Turancin bai gagare ni ba), sannan jikina ya yi sanyi. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin kowane mutum 100,000 a Najeriya, kimanin 219 ne ke kamuwa da tarin fuka a shekara, kuma babu ƙasar da ta kai mu yawan masu cutar a duk Afirka. A Ingila adadin bai kai 10 ba. Sannan cikin waɗanda cutar ke kwantarwa a can, kusan huɗu cikin biyar ba a ƙasar aka haife su ba, kuma da yawansu lafiyarsu ƙalau suka shiga, da takardar hoton ƙirji mai kyau a hannu irin ta Ummi, sai bayan shekara biyu ko uku ciwon ya tashi. Ashe abin da ake dubawa shi ne iskar da mutum ya girma yana shaƙa. Har yanzu dai ina ganin da sun gyara yadda suke faɗa wa mutum sakamako, domin yarinyar da ba ta da uwa ba ta da uba a gari ba a jefa mata irin wannan kalma ta waya.

Ga yadda na fahimci abin, uwargida, kuma da murhu na fahimce shi. Kin san in an gama girkin dare akan bar garwashi a binne cikin toka. In kin leƙa ba ki ganin wuta, ba ki ganin hayaƙi, kina iya ɗora hannu a kan tokar. Wani garwashin yakan mutu da kansa kafin safiya, wani kuwa da an hura ko iska ta taso sai ya kama. To haka ƙwayar tarin fuka take. Mai ciwon ya yi tari ko atishawa, ƙwayar ta rataya a iskar ɗaki, wani ya shaƙa ta sauka a huhunsa. A jikin mafi yawan mutane garkuwar jiki takan kewaye ta ta killace, ta kwanta shiru, wata ƙila shekara da shekaru. Wanda yake cikin wannan hali ba maras lafiya ba ne, ba ya tari, kuma ba ya iya sa wa kowa, ko matar da yake kwana da ita, ko jaririn da ke shan nono. An ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin huɗu a duniya ya taɓa shaƙar wannan ƙwaya. Hoton ƙirji wutar da ta riga ta kama yake gani. Shi kuwa gwajin jinin, ana haɗa jinin mutum ne da wasu sinadarai masu kama da na ƙwayar, in jinin ya taɓa gamuwa da ita sai ya nuna ya gane ta. Akwai kuma tsohon gwaji na allura a fatar hannu, wanda ake komawa bayan kwana biyu ko uku a auna kumburin, sai dai shi lambar BCG da ake yi wa jariranmu takan rikita shi, shi ya sa suka fi son na jini ga mutanenmu.

Duk wannan bayani da na samu bai tsallaka katangar gidanmu ba. Shi yaron, da zuciya ɗaya, ya kira mahaifiyarsa ya faɗa mata don ta sa su a addu'a. Kafin kwana biyu magana ta zaga dangi. Wata gwaggonsa ce ta zo har gida, ta zauna a bakin kujera kamar wadda aka sa dole, ta ce Hajiya ta aiko ta. Wai ba su ji daɗi ba, an rufe su, an ba su yarinya da ciwo ba a faɗa ba. Wai Hajiya ta ce ya ware mata kwano da kofi, ya koma kwana falo, in kuma da hali a sa ta a jirgi ta dawo gidansu ta yi jinya, in ta warke a ga abin da Allah zai yi. Kowace uwa ta san ma'anar "a ga abin da Allah zai yi" a irin wannan wuri. Auren da bai cika wata biyar da tarewa ba!

Na ba ta amsa mai zafi, na ce a danginmu ba mu san wannan ciwo ba. Ta tafi. Ni kuma na shiga ɗaki na rufe ƙofa, domin na san ƙarya na yi.

A daren nan Ummi ta sake kira. Ta ce nas ɗin da ke kula da ita ta yi mata tambayoyi masu yawa tana rubutawa. Ko tana da ciwon suga, ko ciwon ƙoda, ko tana shan wani magani mai rage ƙarfin garkuwar jiki, ko tana shan taba, ko tana da ciki. An ma yi mata gwajin ƙanjamau, ya fita lafiya, an sake hoton ƙirji, shi ma lafiya. "Sai ta tambaye ni ko na taɓa zama gida ɗaya da mai tarin fuka, na ce mata a'a, mu babu a gidanmu. Ko ba haka ba ne, Umma?"

Na yi shiru har ta ce, "Umma, kina ji na?" Na ce layin ne ba kyau, mu yi magana gobe.

Bari in koma baya. An haifi Ummi a 1998. Da ta isa yaye, bisa al'ada aka kai ta ɗakin kakarta, mahaifiyar maigida, wadda muke kira Inna. Takwararta ce, ba ta haɗa ta da kowa ba. Yayen da aka ce na mako biyu ne ya zama zama, domin Ummi ta ƙi dawowa ɗakina, Inna kuma ta ƙi sakinta. Gado ɗaya suke kwana, bargo ɗaya. Inna tana kiranta "kishiyata", ita kuma tana kwaikwayon tafiyarta. A 2002 Inna ta fara tari. Muka ce sanyi ne, muka ce ƙura ce, muka ce tsufa ne. Babu abin da ba a jiƙa ba. Tana ramewa, zanenta yana kwancewa, da dare sai ta jiƙe sharkaf da gumi ko a cikin sanyi. Sai da ta fara kaki da jini sannan aka kai ta asibiti, aka gwada kakin, aka ce tarin fuka ne. Aka ba ta kati da magani, a lokacin wata takwas ake yi ana sha.

Ni na raka ta, don haka da kunnena na ji ma'aikacin yana cewa, "Duk yaran da ke kwana ɗakinta ku kawo su a duba." Da muka dawo gida aka yi zaman 'yan uwa. Akwai ƙannen maigida mata biyu da ba su yi aure ba, ɗaya ma an sa rana. Manya suka yanke cewa kada wanda ya ji, domin mutane sun ɗauka ciwon gado ne, in aka ce gidan su wane akwai tarin fuka, shi ke nan an kashe wa 'yan matan kasuwa. In aka kwashi yara zuwa wancan asibiti kuwa, ai an yi shela ke nan. Aka ce a ce ciwon sanyi ne. Ni suruka ce, ƙaramar yarinya a lokacin, ban isa in ɗaga murya ba. Haka nake faɗa wa kaina shekara ashirin. Amma gaskiya ita ce 'yata ce, kuma da na goya ta na fita da sunan zuwa unguwa babu wanda zai tare ni.

Abin da ya fi ci mini rai yanzu shi ne irin rigakafin da muka yi. Mun ware wa Inna kwanonta da cokalinta da kofinta, har da butarta, ana wanke su daban da ruwan zafi. Muka ɗauka mun gama. Alhali cutar nan ba ta kwano take bi ba, ta numfashi take bi. Ɗakin Inna taga ɗaya gare shi, 'yar ƙarama, kuma da hunturu ya shigo ni da hannuna na toshe ta da tsumma da kwali don kada sanyi ya ƙara mata tarin. Aka sa labule mai kauri a ƙofa, aka kai kaskon wuta. A cikin wannan ɗaki yarinya 'yar shekara huɗu take kwana, fuskarta a ƙirjin kakarta. Na yi yunƙurin ɗauke ta sau ɗaya, Inna ta yi kuka ta ce ana gudunta tun ba ta mutu ba, na mayar da ita.

Inna ta sha magani wata biyu, ta ji sauƙi, ta fara cin tuwo, sai ta ce ƙwayoyin sun ishe ta, suna sa ta jiri. Babu wanda ya matsa mata. Bayan 'yan watanni ciwon ya dawo da ƙarfinsa, ta rasu a 2003. Allah ya jiƙanta. Aka ce wa masu gaisuwa tsufa ne da ciwon sanyi. Katin asibitin nata na ɓoye shi a ƙasan adakata, ban san dalilin da ya sa ban ƙona shi ba.

Washegarin kiran Ummi, bayan an kai wa maigida abin kari, na zauna na ce, "Malam, zan faɗa wa yarinyar nan maganar Inna." Ya ajiye kofi ya ce, "Wace maganar? Baiwar Allah tana kabarinta shekara ashirin za ki tono ta? Kina so ki ba mutanen nan sandar dukanmu?" Na ce, "Likita ya yi tambaya an ba shi amsar da ba ita ba, kuma da wannan amsar zai yi mata lissafi. Wancan karon na yi shiru." Bai ce na yi ba, bai ce kar na yi ba, ya ɗauki hularsa ya fita. Duk wadda ta daɗe a gidan miji ta san irin wannan fita izini ce.

Na kira ta na faɗa mata komai, har da tagar. Na zaci za ta yi fushi da ni. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Umma, ina tuna ƙamshin ɗakin. Ina tuna wani gwangwani da take tofa yawu a ciki." Sai muka yi ta kuka, ni a Kano ita a Landan.

Da ta koma ta gyara amsarta, nas ɗin ba ta nuna mamaki ba, ta ce sun saba jin haka daga mutanen ƙasashe da yawa, ba mu kaɗai ke ɓoyewa ba. Abin da ta ƙara mata shi ne ya kwantar mini da hankali. Ta ce cikin mutum 100 masu ɗauke da kwantacciyar ƙwaya, kimanin 5 zuwa 10 ne ciwon zai tasar wa a tsawon rayuwarsu, kuma haɗarin ya fi yawa a shekara biyun farko bayan an shaƙa. Saboda haka in tun tana 'yar shekara huɗu ta ɗauka, mafi munin lokacin ya wuce, Allah ne ya tsare ta, domin yara 'yan ƙasa da shekara biyar su ne cutar ta fi saurin kayarwa, har takan hau musu ƙwaƙwalwa. Sai dai babu gwajin da zai nuna yaushe ƙwayar ta shiga. Yarinyar da ta yi makarantar kwana, ta yi jami'a, ta shiga motar haya da kasuwa, tana iya sake shaƙa bara ko bariya ba ta sani ba.

A nan ne na gane wahalar aikin nasu. Gwajin jini yana cewa akwai garwashi, amma ba ya cewa wanne ne zai kama. In aka ce duk mai shi ya sha magani, za a ɗora wa mutum casa'in da wani abu ƙwayoyin da ba su buƙata, ga shi maganin yana iya taɓa hanta, musamman ga wanda ya manyanta. In aka ce kowa ya bari, waɗancan 'yan kaɗan za su kwanta, su kuma sa wa iyalansu. Shi ya sa suke tara tambayoyi suna auna mutum: daga wace ƙasa ya zo, yaushe ya zo, shekarunsa nawa, ya zauna da mai ciwon kwanan nan ko da daɗewa, akwai abin da ya raunana masa jiki. Mijin Ummi ya nuna mini cewa a 2020 wasu masana na wata jami'a a Landan sun tattara bayanan mutane sama da 80,000 daga ƙasashe daban-daban, suka fitar da ma'auni na kwamfuta da likita zai zuba irin waɗannan amsoshi ya ga kimanin haɗarin mutum. Na ce ikon Allah, duk ƙwarewar na'urar nan, in uwa ta ɓoye gaskiya a Kano, lissafin da za ta yi a Landan ya karkace.

Ba a tilasta mata shan magani ba, zaɓi aka ba ta. Abin da ya sa ta karɓa shi ne maganar haihuwa. An faɗa mata cewa watannin jego lokaci ne da ƙwayar kan samu damar tashi, ita kuma ba ta son ranar da za ta rungumi jariri tana tari. Aka gwada lafiyar hantarta, aka tabbatar ba ta da ciki, aka ɗora ta a kan magunguna biyu, rifampicin da isoniazid, kullum sau ɗaya har wata uku, da wani bitamin B6 don kada ƙafafu su riƙa yi mata jijjiga kamar ana tsira allura. Ko sisi ba su biya ba. Aka ce ta dakata da neman ciki har ta gama, aka kuma ja kunnenta cewa rifampicin yana karya ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa, wanda ya kamata duk matar da aka ɗora a kan wannan magani ta sani, ko a nan gida. Aka ce in ta ga idonta ya yi rawaya kamar mai shawara, ko amai ya dame ta, ta tsaya ta kira su nan take. Ranar farko ta kira ni a firgice wai fitsarinta ya koma ja kamar an zuba manja, alhali an riga an faɗa mata haka zai yi, tsoro ne ya mantar da ita.

Azumin 2024 ya same ta a tsakiyar shan maganin. Da yake ana son a sha shi ciki ba komai, sai aka shirya mata ta riƙa tashi da wuri ta haɗiya, ta ɗan jira, sannan ta yi sahur. Ni na zama agogonta. Kullum cikin dare sai na buga mata, ba na ajiye waya sai na ji ƙarar ruwa a maƙogwaronta. Wata rana ta ce, "Umma, ni fa ba yarinya ba ce." Na ce na sani, amma na taɓa ganin wadda ta ajiye magani a wata na biyu.

Saura Hajiya. Shi yaron, Allah ya yi masa albarka, bai ware kwano ba, bai koma falo ba. Ashe shi ma an taɓa aiko masa da irin takardar lokacin da ya je, ya jefa ta a kwandon shara. Wannan karon ya je aka ɗebi jininsa, nasa ya fita babu komai. Na so a ce sakamakon ya taimake mu, sai ya zama Hajiya ta samu abin faɗa: ga shi nan, nata ɗan lafiyayye ne.

Na shirya na je gidanta da kaina, da katin Inna a jakata, ya yi ja don tsufa. Bayan mun gaisa na ce, "Hajiya, na zo in janye maganar da na faɗa wa 'yar aikenki. Na ce babu wannan ciwo a gidanmu, akwai." Na ajiye mata katin, na ba ta labari tun daga yaye har rasuwa. Na ce ba mu rufe ku ba, domin ita kanta yarinyar ba ta sani ba, mu ma ba mu san ana ɗaukar abin a kwance ba. Na yi mata misalin garwashi, na ce ɗanki ba ya cikin haɗari, kuma ba gado ba ne, jikokinki ba za su zo da shi ba. Ta juya katin ta sake juyawa, ba ta iya karanta shi ba amma ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ai da kin bar shi a inda yake, Hajiya, wa zai sani?" Na ce babu. Ta ce, "To Allah ya kyauta." Iyakar abin da na samu ke nan a ranar, ko rakiya sai bakin ƙofar falo. Amma maganar a sa yarinya a jirgi ba a sake tayar da ita ba, kuma bayan sallah da wani ɗan uwansu zai tafi, ta ba shi zuma kwalba biyu ta ce a kai wa Ummi, wai tana gyara ƙirji.

Mu ma a nan gida na tasa kowa gaba muka je asibitin gwamnati. Maigida ya fi kowa gardama, shi kuwa ya fi kowa buƙata, domin yana da ciwon suga, kuma mai suga ya fi sauran mutane saurin kamuwa. Gwajin kaki da maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati, hoton ƙirji ne muka biya. Duk muka fita lafiya. Na tambayi likitar ko za a yi mana irin gwajin jinin Ummi, ta yi murmushi ta ce a nan in aka ce za a bi kowa da shi, rabin layin da ke waje sai ya nuna, ga tsada. Ta ce abin da suka fi sa wa ido shi ne a gano mai tarin da wuri, duk wanda ya yi mako biyu yana tari a kawo shi, sannan a bi mutanen gidansa, musamman ƙananan yara da masu ƙanjamau, a ba su maganin kariya tun ciwon bai tashi ba. Ta ce maganin mai ciwon yanzu wata shida ne, kuma matsalarsu har gobe ita ce a ce a kawo yaran gida, a ƙi kawowa. Na sunkuyar da kai. Ta kuma yi mini zancen 'yan cirani da ke kwana su goma a shago ɗaya a Legas ko Fatakwal, su dawo gida da damina suna tari, a ce wahalar birni ce. Tun daga ranar, duk yaron unguwa da ya dawo daga kudu na ji yana wannan busasshen tarin, sai na aika a kira mini uwarsa, wasu su ji daɗi, wasu su ce na cika shisshigi.

Ɗakin Inna yanzu jikokin gidan ne ke kwana a ciki in sun zo hutu. Na kira magini ya fasa bango ya ƙara taga ta biyu mai fuskantar ta farko, aka sa raga saboda sauro. Maigida ya yi mitar kuɗin siminti har mako guda.

Ummi ta gama maganinta a watan Mayu na 2024, ba ta tsallake ko kwana ɗaya ba. An faɗa mata kada ta damu da sake gwajin jinin, domin yakan ci gaba da nunawa ko bayan an sha magani, ta dai adana takardar da ke nuna ta kammala. A 2025 ta haifi 'ya mace. Da jaririyar ta kusa wata ɗaya aka kira su aka yi mata lambar BCG, wadda a can ba kowane jariri ake yi wa ba, sai irin waɗanda iyayensu ko kakanninsu suka fito daga ƙasashe irin namu. Ta turo mana hoton ɗan damtsen da ɗigon allurar. Ba a yi awa ɗaya ba sai ga wayar Hajiya, ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "Hajiya, na ga an yi wa yarinyar nan allura, ba dai ita ma tarin ba ne?" Na ce mata ta ɗaga hannun rigarta na hagu ta duba damtsenta, sannan ta sake kira na.